Ziyarar Masallacin Shehu Da Gidan Tarihi: Me Ya Kamata Ɗalibi Ya Duba?



Kowane babban gari na duniya yana da wurin da ake fara kai baƙo, galibi kuwa wurin nan tsohon ɗakin ibada ne. Wanda ya je Alƙahira za a kai shi Masallacin Azhar, wanda aka gina fiye da shekara dubu da suka wuce. Wanda ya je Jenne ta ƙasar Mali za a nuna masa ƙasaitaccen masallacinsu na ƙasa. A ƙasashen Turai kuwa katidiral ake kai mutum, daga nan a shiga da shi ɗakin da aka adana kayan fasahar addini. To, mu nan Sakkwato, in baƙo ya ce mu zaga da shi, ina za mu nufa? Amsa a bakin kowa take: Masallacin Shehu, da Hubbare, da Masallacin Sarkin Musulmi Bello, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Amma in baƙon ya ƙara da cewa, "To, in na je me zan duba?" a nan ne da yawa daga cikinmu za mu fara sosa ƙeya. Dalilin rubuta wannan 'yar maƙala ke nan. Abin da nake so in nuna shi ne, mafi darajar gadonmu yana cikin tsofaffin takardu da gwanintar hannun da ya rubuta su, kuma su ne suka fi kome saurin salwanta.

MENE NE KATIDIRAL?

Bari mu fara da wannan kalma, domin muna yawan haɗuwa da ita a littattafan tarihi. Katidiral ita ce babbar majami'ar Kirista ta wani yanki, inda bishop yake zaune. Asalin kalmar ma'anarta "kujera", watau kujerar da bishop yake zama a kai in zai karantar da jama'arsa. Saboda haka kujerar ce take mai da majami'a katidiral, ko da ginin ƙarami ne. A nan Sakkwato 'yan ɗariƙar Katolika suna da tasu mai suna Holy Family, watau Iyali Mai Tsarki. An ɗaga yankin Sakkwato ya zama mai bishop na kansa a shekarar 1964, kuma a 2011 aka naɗa Matthew Hassan Kukah a wannan kujera.

Tsofaffin katidiral na Turai suna cike da zane-zanen mutane, da sassaƙe-sassaƙen dutse, da tagogin gilashi masu launi iri-iri. Dalili kuwa, a zamanin da aka gina su yawancin mutanen Turai ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana musu labaran littafinsu a bango da taga don su gani da ido. Da wuri ya yi kaɗan, ko kaya suka tsufa, sai a ware wani ɗaki a jera su: rigunan limamai, da kofunan azurfa, da littattafan hannu. Wannan ɗaki shi ne gidan adana fasahar addini.

Mu Musulmi ba mu zana siffar mutum a wurin ibada. Amma son kyau yana cikin zuciyar kowane ɗan Adam, dole ya nemi mafita. A wurinmu sai ya fita ta hanya uku: ta gini, ta rubutu, da ta zayyana. Wanda ya riƙe wannan ya sami mabuɗin ziyararsa.

MASALLACIN SHEHU DA HUBBARE

Kafin mutum ya shiga wuri, ya kamata ya san labarin masu wurin. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, ya tashi a Degel, inda ya yi shekaru yana karantarwa. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato. Shi Shehu bai tare a nan ba sai a 1815, bayan ya zauna Gwandu da Sifawa. Shekara biyu kacal ya yi a garin, Allah ya karɓi abinsa a watan Afrilu na 1817. Ashe ke nan masallacin da ake kira da sunansa na ƙarshen rayuwarsa ne, lokacin da ya bar wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello sha'anin mulki, ya koma ga karantarwa da wallafa.

Hubbare, watau kushewar Shehu, yana nan kusa da masallacin, a inda gidansa yake. Sarakunan Musulmi da dama suna kwance a wurin, haka kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Har yau za ka tarar da ayarin mata daga karkara, wasu ma daga Jamhuriyar Nijar, sun zo ziyara. Amma a lura, ba a nan kabarin Sarkin Musulmi Bello yake ba. Shi a Wurno ya rasu a 1837, can aka rufe shi. Malam Abdullahi kuma yana Gwandu. Wannan tambaya ce da take kayar da ɗalibai a jarrabawa, har da 'yan cikin gari.

Ladabin shiga ba boyayye ba ne. A sa tufafi na mutunci, a tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, a yi sallama, a rage murya, a roƙa wa mamata gafarar Allah. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton mutane suna ibada sai da izini. Wannan ladabi kuwa shi ne ya wajaba a kan mai shiga wurin ibadar kowa, masallaci ne ko majami'a.

INA GININ DA YA TAFI?

Mai ziyara zai lura da abu ɗaya nan da nan: masallatan nan biyu na siminti ne. To, ina ginin da Shehu da Bello suka yi salla a ciki? Na ƙasa ne, da tubali da azara. A farkon shekarun 1960 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya tsaya aka sabunta su da kayan zamani. Wannan ya yi amfani ƙwarai, domin jama'a ta ƙaru, kuma ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara. Sai dai wanda yake son ya san kamannin na da, dole ya koma ga littafi, ko ya yi tafiya.

A littafi, akwai wani Baturen Ingila mai suna Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824. Ya tarar Waziri Giɗaɗo yana gina wani masallaci, ya tsaya ya ga aikin, ya kuma rubuta cewa shugaban maginan mutumin Zazzau ne, wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya ga irin gininsu. Wannan ya nuna mana cewa tun a lokacin magina suna yawo da ilminsu daga gari zuwa gari.

A tafiya kuwa, sai mutum ya nufi Zariya. Can Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da aka tashi sabunta shi a shekarun 1970, sai aka ɗora sabon gini a kansa, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. Can za ka ga bakan gizo, watau azarar giginya da aka jera, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har suka haɗu a sama suka ɗauki rufi ba ƙarfe ba siminti. Ba nisa da nan, a Wusasa, akwai majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. Addini daban, amma tubalin ɗaya ne, hannun ma ɗaya.

Ko ganuwar Sakkwato haka ta tafi. Abin da ya fi saura a bakinmu sunayen ƙofofi ne: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya da sauransu. Darasi na farko ke nan: ginin da muke gani ya canja. In muna neman abin da hannun mutanen da ya taɓa, sai mu tafi Gidan Tarihi.

A GIDAN TARIHI

An kafa wannan ma'aikata a farkon shekarun 1970, zamanin Jihar Arewa Maso Yamma, daga baya aka sa mata sunan Waziri Junaidu. Shi kuwa an haife shi a 1906, ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, ya rasu a 1997. Shi ya wallafa Tarihin Fulani, kuma daga zuriyar Waziri Giɗaɗo ya fito. Taskar littattafan gidansu ce Murray Last ya zauna ya karanta kafin ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Daga takardun wannan gida kuma Jean Boyd ta samo yawancin rubuce-rubucen Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka tara aka buga a 1997. Ku duba, gida ɗaya da ya riƙe takardunsa ya zama fitila ga duniya. Da gara ta riga su fa?

Ɗalibi in ya shiga, idonsa kan fara zuwa kan kayan yaƙi: takubba, da masu, da baka da kwari, da sulke. Ba laifi a duba su. Amma malaminmu na tarihi yakan ce mana, takobi yana gaya maka an yi yaƙi, takarda ita ke gaya maka dalilin yaƙin. Mutanen nan kafin su zama mayaƙa malamai ne. Shehu ya rubuta Ihya'us Sunna, da Nurul Albabi, da Bayanu Wujubil Hijra. Malam Abdullahi ya rubuta tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Tawili, da Tazyinul Waraƙati. Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, ya kuma yi rubutu har a kan magani. Ban da littattafai akwai wasiƙu, waɗanda da su ake gudanar da mulki tsakanin Sakkwato da sauran manyan garuruwa kamar Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa. Babu waya, babu mota, sai manzo da doki da 'yar takarda mai hatimi.

Duk waɗannan babu wanda aka buga da inji. Kowane kwafi, wani bawan Allah ne ya zauna a tabarma ya juya shi harafi bayan harafi. Saboda haka in ka tsaya gaban tsohuwar takarda, kada ka ce "tsohon rubutu ne" ka wuce. Ga abubuwan da za ka duba.

ABUBUWA BIYAR NA DUBAWA

Na farko, ita kanta takardar. Ba a ƙasar nan aka yi ta ba. Yawancin takardun ƙarni na 19 daga arewacin Italiya suka fito, aka haye teku da su zuwa Tarabulus ko Masar, raƙuma suka ƙetaro Sahara da su. In aka ɗaga irin wannan takarda ga haske, sau da yawa akan ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta. Wannan tambarin masu yin ta ne, kuma masana suna amfani da shi wajen kimanta shekarun littafi. Tsadarta ce ta sa ba a barin gefe a banza, sai ka ga an cika shi da sharhi.

Na biyu, tawada. Ta allo daban, ta takarda daban. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yin ta, don ta wanku. Ta takarda kuwa, 'ya'yan bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, a zuba ƙaro, sai ta kama ta zauna. Alƙalamin kuma na gamba ne ko na kara, a fiƙe shi da aska.

Na uku, hannun rubutu. Rubutunmu ɗan gidan na Magariba ne, ba irin na Alƙur'anin Masar ko na Madina da muke saye a kasuwa ba. Alama mai sauƙi ita ce: harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Karatun ma na ruwayar Warshu ne. Baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasula da ja, hamza kuma da ɗigon rawaya. Wannan ba ado kaɗai ba ne, taimako ne ga mai karatu don kada ya yi tuntuɓe.

Na huɗu, zayyana. A ƙarshen kowace aya akwai 'yan ƙananan da'ira uku a haɗe. Bayan aya biyar akwai kumsa, bayan goma akwai kuri. A gefen shafi za ka ga alamar sumuni, da rubu'i, da nusufi, da babbar da'ira ta izu, har izu sittin, da alamar wurin sujada. A farkon littafi, da farkon surorin A'arafi da Maryama da Sadi, akan yi babban zane mai kama da dardumar launi, domin nan ne Alƙur'ani ya kasu huɗu. Irin zanen nan shi ne ake yi wa allon mai sauka, kuma 'yan'uwansa ne muke gani a jikin babbar riga da bangon soro. Kowane gwani yana da hannunsa, masu sani sukan gane shi kamar yadda muke gane rubutun abokin zamanmu a aji.

Na biyar, sutura. Littafinmu na da ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, a tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Amfanin haka shi ne malami yana iya raba wa almajirai da dama warƙoƙi su karanta a lokaci ɗaya. Don kada su rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. Fatar kuwa aikin majema da dukawa ce, daga jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, can suna kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su.

Ashe littafi guda ya haɗa mai yin takarda na Italiya, da Buzu mai raƙumi, da maƙeri, da majemi, da baduku, da gwani. Wannan shi ne gidan adana fasahar addininmu, a cikin gafaka ɗaya.

MAƘIYAN TAKARDA

Yanzu mun zo ga abin damuwa. Takardun da ke Gidan Tarihi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wani yanki ne kawai. Akwai wasu da yawa a gidajen malamai da na talakawa, a cikin birni da ƙauye, a tsohuwar adaka ko buhu, ko a alkuki. Watakila ma akwai a gidan mai karanta wannan. Su kuwa maƙiyansu ba su barci.

Gara ce ta farko, tana iya cinye kundi ta ciki, ta bar maka tadarishi lafiya lau. Sai kyankyaso da ɓera. Sai ruwa: yoyon damina, da danshin ƙasa, da ambaliya irin wadda ta auka wa Sakkwato a 2010. Sai zafin bazara da iskar hunturu, masu busar da takarda har ta riƙa karyewa kamar ƙosasshen ganye. Sai gobara. Wannan ba sabon abu ba ne. Da Clapperton ya dawo a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello littafin Uƙlidis da Larabci, watau asalin lissafin siffofi da muke yi a aji da rula da kamfas. Bello ya yi murna ƙwarai, ya shaida masa cewa da suna da kwafi wanda aka kawo daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta kama gidansa. In wuta ba ta ji kunyar gidan Sarkin Musulmi ba, ta wa za ta ji?

Akwai kuma maƙiyi mai ƙafa biyu. Wani in ana rabon gado sai a kasa littafi ɗaya kashi uku, kowa ya ɗauki nasa, a ƙarshe babu mai littafi. Wani ya sayar wa dillali da 'yan kuɗi kaɗan. Wani kuma da kyakkyawar niyya zai like tsaga da salatif, ko ya kai a rufe takardar da roba mai zafi irin ta takardun shaida, bai san ya kashe ta ba.

Amma mafi sharrinsu duka shi ne rashin mai karantawa. Littafin da babu mai iya karanta shi a gida ya zama tarkace, tarkace kuwa juji yake jira. Bari mu gwada kanmu. A jikin takardar naira 200 da 500 da 1000 akwai rubutun ajami. Mu nawa ne a ajinmu za su iya karanta shi ba tare da sun leƙi lambar ba? In kalma biyu ko uku sun gagare mu, yaya za mu yi da wasiƙar kakanmu?

GEMUN ƊAN'UWA

Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga misali biyu.

A birnin Faris na Faransa akwai katidiral mai suna Notar Dam, wadda aka fara ginawa a 1163. Ran 15 ga Afrilu, 2019, wuta ta kama ta, ta cinye rufin katako, dogon tsininta ya faɗo duniya tana kallo. 'Yan kwana-kwana da ma'aikatan wurin suka yi ta miƙa wa juna kayan tarihi hannu da hannu har aka fitar da mafi yawansu. Ran 7 ga Disamba, 2024, aka sake buɗe ta. Me ya sa aikin ya yiwu cikin shekara biyar? Kuɗi sun taimaka, amma da kuɗi kaɗai ba zai yiwu ba. Tun kafin gobarar an auna ginin ciki da waje an adana awon, an kuma san abin da ke cikin taskar ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan akwai sauran masassaƙa da suka iya gyara gungume da gatari yadda aka yi shekara ɗari takwas da suka wuce, domin ba a bar sana'ar ta mutu ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A watan Janairu na 2013, 'yan bindigan da suka mamaye Tambutu sun cinna wa takardu wuta a Cibiyar Ahmad Baba, aka rasa wajen dubu huɗu. Amma mafi yawan takardun garin sun tsira, saboda masu su sun riga sun zuba su a akwatunan ƙarfe, sun fitar da su a ɓoye, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Mutanen gari ne suka yi wannan, ba su jira wani ya zo daga nesa ba.

In muka haɗa biyun, ga abin da ya fito. Gini in ya rushe ana iya tayar da shi, muddin akwai awo da magina. Takardar da babu kwafinta kuwa, in ta ƙone ta tafi ke nan har abada, da ita da abin da ke cikinta.

AIKIN DA KE GABANMU

Ya ku iyayenmu, muna roƙonku da girman Allah ku duba abin da kakanni suka bari. A fitar da takardu daga buhu da leda, domin leda tana tara gumi. A naɗe su da farin ƙyalle mai tsabta, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan benci nesa da bango da ƙasa. Bayan damina a buɗe su sha iska a inuwa, ban da rana. In ana rabon gado, kada a raba littafi, a bar shi a hannun wanda ya fi iya riƙo, a matsayin amanar zuriya. Wanda takardarsa ta fara lalacewa ya nemi shawarar ma'aikatan Gidan Tarihi ko malaman jami'a kafin ya taɓa ta da gam. Kuma in mun dawo hutu, ku zaunar da mu ku gaya mana wane ne ya rubuta wane, domin abin da ke kanku ba ya cikin kowane littafi.

Mu kuma ɗalibai, aikinmu uku ne. Na ɗaya, mu koyi ajami. Wanda ya yi makarantar allo, 'yan makonni sun ishe shi, kuma a kowane ɗakin kwananmu akwai wanda ya iya, sai dai ba mu tambaya. Na biyu, hutun nan mai zuwa kowa ya ɗauki littafin rubutu da fensir, ya wanke hannu ya bushe, ya zauna da wani babba a gida, ya lissafta takardun gidansu: sunan littafi, mai shi, yawan warƙoƙi, da halin da yake ciki. In akwai waya, a ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, kada a hargitsa jerin. Ko da wani abu ya sami asalin, hoton ya saura. Na uku, mu roƙi hukumar makaranta ta shirya wa kowane aji ziyara, kuma kowa ya tafi da tambaya a rubuce, ya dawo da amsa. Zuwa a yi hoto a bakin ƙofa a dawo, wannan yawon buɗe ido ne kawai, ido ya buɗe kai yana rufe.

Wani zai ce, mu da muke shirin zama likitoci da injiniyoyi, ina ruwanmu da tsohuwar takarda? Sai mu tuna masa cewa Sarkin Musulmi Bello, mai mulkin ƙasa mai faɗi haka, ya rubuta littafin magani, ya kuma yi murna da littafin lissafi. Ilmin zamani ba kishiyar gadonmu ba ne. Gyaran takarda ma aikin masana kimiyya ne, auna tsohon gini aikin injiniya ne, kuma gara ɗan garin nan ya yi su da a ɗauko wani. Mutanen da sun yi nasu da alƙalamin gamba da hasken fitilar mai. Mu da muke da lantarki da kwamfuta, in abin ya salwanta a hannunmu, ba mu da ta cewa ga na bayanmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amana, amin.